Tarin Waƙoƙin Mamman Shata Bayan Rasuwarsa: Abin da Mai Tarawa ke Yi wa Waƙar Baka

1.0 Gabatarwa

Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano ranar 18 ga watan Yuni 1999, aka yi masa sutura a Daura. Tun daga wannan rana bakinsa ya rufe, amma ba a daina fitar da tarin waƙoƙinsa ba. Da fari kaset-kaset ne, daga baya faifan CD, sannan aka koma ga katin memori na wayar salula da shafukan intanet. A nan Yamai, wanda ya bi ta unguwar Maurey, wato tsakanin Babbar Kasuwa da wurin da Ƙaramar Kasuwa take kafin gobarar 2012, ba zai rasa mai tura waƙa da zai zuba masa sa'o'i masu yawa na muryar Shata cikin ɗan lokaci ba. Wannan tari shi ne Shatan da matasa suka sani. Shi ne kuma Shatan da ɗalibai da yawa ke dogara da shi idan sun tashi rubuta kundin neman digiri a kan waƙar baka.

Manufar wannan takarda ita ce a ɗora wannan tari bisa ma'aunin nazari, kamar yadda ake yi wa kowane littafi da aka buga bayan ran mai shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk wanda ya tara waƙoƙin mawaƙin baka bayan rasuwarsa ya zama mai shirya matani, ko ya sani ko bai sani ba. Ta wannan fuska, tarin Shata da ke hannun jama'a ya ceto murya, amma ya zubar da bayanan da manazarci ke bukata kafin ya ce ya fahimci abin da muryar ke faɗi. Za a fara da bayanin abin da mawaƙin ya bari, sannan a kawo ire-iren tarin da ake yi bayan rasuwa, a auna na Shata a cikinsu, daga ƙarshe a ba da shawara a kan irin diwanin da ya dace da shi.

2.0 Mawaƙin da Abin da Ya Bari

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Ya yi tallar goro da alewa kafin waƙa ta zama sana'arsa, ya kuma yi mafi yawan zamansa na girma a Funtuwa. Kayan kiɗansa kalangu ne, yana jagora, ƴan amshi na karɓa masa. Ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Abin lura ga wannan nazari shi ne Shata bai bar rubutaccen matani ba, bai kuma bar jerin sunayen waƙoƙinsa ba. Abin da ya bari sauti ne da wasu mutane suka ɗauka, kuma ana iya karkasa hanyoyin ɗaukar gida uku:

(a) Ɗaukar gidajen rediyo da talabijin, musamman gidan rediyon Kaduna wanda aka kafa a 1962, wanda kuma ta hanyarsa ne Hausawan Nijar da yawa suka fara jin Shata.

(b) Ɗaukar kamfanonin faifai, irin su EMI, inda ake shiga ɗakin ɗauka babu taron jama'a, kuma girman faifai ne ke yanke tsawon waƙa.

(c) Ɗaukar ɗaiɗaikun mutane da ƙaramar rikoda a wajen biki ko naɗin sarauta ko wasan dare.

Kowace hanya daga cikin ukun nan tana haifar da waƙa mai kama dabam. Waƙar da aka yi a ɗakin ɗauka tana da tsabtar sauti, amma wanda ake yi wa ita ba ya wurin. Wadda aka ɗauka a dandali tana da hayaniya, sai dai a cikinta ne ake jin yadda mawaƙi ke sauya ɗan waƙa domin wani ya shigo fili ko wani ya yi kyauta. Manazarcin da bai san ta wace hanya waƙar da ke gabansa ta zo ba, bai san rabin abin da yake nazari ba.

3.0 Ire-iren Tarin Waƙa Bayan Rasuwa

Domin a gane matsayin tarin Shata, yana da kyau a dubi wani mawaƙi na maƙwabta wanda masu saurare a Yamai suka sani, wato Ali Farka Touré na Niafunké a ƙasar Mali, wanda da yawa daga waƙoƙinsa da Sonrai ya yi su, ƴar'uwar Zabarmanci. Ya rasu a watan Maris 2006, kuma abin da kamfanin World Circuit na Landan ya fitar bayan rasuwarsa ya ba mu misalin iri biyu.

Iri na farko shi ne aikin da mawaƙi ya kammala da kansa, ajali ya riga fitowarsa. Faifan Savane, wanda ya fito a watan Yuli 2006, irin wannan ne. Ali ya saurari aikin ya amince da shi kafin ya cika. A nan zaɓi da jeri duk nasa ne, mutuwa jinkiri kawai ta kawo.

Iri na biyu shi ne wanda magada da abokan aiki suka zaɓo daga ma'ajiya. Faifan Voyageur, wanda ya fito a watan Maris 2023, shekara 17 bayan rasuwar Ali, ya ƙunshi waƙoƙi 9 da aka ɗauka a lokuta da wurare dabam-dabam. Nick Gold ne ya shirya shi tare da ɗan mawaƙin, Vieux Farka Touré, kuma ana jin muryar Oumou Sangaré a waƙoƙi 3. A nan zaɓin ba na mawaƙi ba ne. Mai suka yana da damar ya tambaya ko Ali da kansa zai yarda a fitar da abin da ya bari a ajiye. Amma dai an san waɗanda suka yi zaɓin, sun sa sunansu, ana iya tuhumarsu. Wani abin da ya shafi zancenmu kai tsaye shi ne, masu shirya faifan sun kawo waƙar Sambadio sau biyu, ɗaya da kayan kiɗa marasa lantarki, ɗaya da na lantarki. Da wannan sun shaida wa mai saurare cewa waƙa ɗaya tana da fuska fiye da ɗaya a hannun mai ita.

Iri na uku shi ne wanda kasuwa ta tara da kanta. Babu mai shiryawa da aka sani, babu ma'ajiya ɗaya da aka ɗebo daga ciki. Wani ya kwafa daga kaset, wani ya kwafa daga wanda ya kwafa, kowa ya ƙara abin da ya samu, ya sa sunan da ya ga dama. Tarin Shata da ke yawo a Yamai da Maraɗi da Kano irin wannan ne. Saboda haka ba faifai guda muke nazari ba. Muna nazarin wani tari ne mai kumbura yana sacewa, wanda duk da haka yake da halaye tabbatattu da ake iya bayyanawa.

4.0 Tarin Shata a Ma'aunin Nazari

4.1 Abin Yabo

Kafin suka, wajibi ne a faɗi gaskiyar alherin wannan tari. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura irin na ƙasashenmu, kuma na'urorin da ke juya shi sun yi ƙaranci. Da waƙoƙin sun tsaya a kan kaset, da yawansu sun bi mai su. Masu kwafa da masu tura waƙa su ne suka ƙetarar da su daga wannan na'ura zuwa waccan, ba tare da wata hukuma ta sa su ba. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan kafofin sadarwa a Kano, ya nuna yadda kasuwar kwafe-kwafe, musamman ta Ƙofar Wambai, ta zama hanyar rarraba sauti da hoto mafi ƙarfi a ƙasar Hausa. Wannan hanya ba ta san iyakar Nijar da Nijeriya ba. Albarkacinta ne direba a Yamai da manomi a Dogon Dutsi ke jin mawaƙin da ya rasu tun kafin a haifi wasunsu.

Don haka sukar da za ta biyo baya ba a kan mai tura waƙa take ba. Shi ɗan kasuwa ne, bai yi wa kowa alkawarin tahaƙiƙin matani ba. Sukar tana kan abin da tarin ya zama, da kuma yadda masu ilimi suka karɓe shi kamar shi ne asali.

4.2 Yankewar Salsala

A tsarin nazarin waƙar baka da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), manazarci yana farawa ne da salsalar waƙa kafin ya shiga turke da salo da tsari. Salsala ta ƙunshi sanin wanda ya yi waƙar, da wanda aka yi wa, da lokaci, da wuri, da dalili. Wannan mataki na farko shi ne tarin da muke magana a kai ya shafe.

Rubutacciyar waƙar Hausa ta saba ɗauke da shaidarta a jikinta. Sha'iri yakan rufe da ambaton sunansa, da adadin baitoci, da ramzin shekara, mai kwafa kuma ya ƙara nasa suna. Waƙar baka ba ta da wannan al'ada, domin waɗanda aka yi ta a gabansu ba su bukatar a gaya musu rana da wuri. Da na'ura ta shigo, abubuwa biyu suka tsaya a madadin ramzi: gabatarwar mai shela a rediyo, da rubutun da ke jikin faifai ko kwalin kaset. A cikin tarin katin memori duka biyun sun faɗi. Abin da ya rage shi ne suna guda a fuskar waya, galibi sunan wanda aka yi wa waƙar ko ƴan kalmomin farko na gindinta. Da yake babu ƙa'ida, sai a tarar da waƙa ɗaya da sunaye biyu, ko waƙoƙi biyu da suna ɗaya.

Wani zai ce ana iya gano lokaci daga cikin matanin. Wani sa'i haka ne. Waƙar da Shata ya yi a kan kumbon Apollo 11 ba za ta riga watan Yuli 1969 ba, lokacin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. Amma a dubi waƙarsa ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966 ya kuma rayu har 2007. Duk abin da sarautar ke gaya mana shi ne an rera ta tsakanin 1966 da 1999. Tazarar shekara 33 ke nan, kusan kashi biyu cikin uku na rayuwar waƙar Shata. Wanda ke son ya san yadda dangantakar mawaƙin da wannan sarki ta bunƙasa, har ta kai ga an binne shi a Daura, ba zai samu amsa daga wannan tazara ba.

Akwai kuma wani ƙaramin abu mai babbar illa. A tarin, kusan kowace waƙa ana jingina ta ga "Dakta" Mamman Shata, alhali wannan laƙabi bai same shi ba sai a 1988. Girmamawa ce, ba laifi. Amma tana sa mai saurare ya ɗauki dattijon ƙarshen rayuwa a matsayin wanda ya yi dukkan waƙoƙin, har da na lokacin ƙuruciya da gaba da ƴan'uwan sana'a. Mutum mai shekara 50 na canji ya koma hoto guda.

4.3 Aiwatarwa Ɗaya ta Zama Waƙar

Wannan shi ne babban abin da ke damun wannan takarda. Tun daga aikin Albert Lord na 1960 a kan mawaƙan Yugoslabiya, masana sun fahimci cewa mawaƙin baka yana ƙulla waƙarsa ne a lokacin da yake rera ta. Paul Zumthor ya kira wannan hali na rashin tsayuwar matani da kalmar Faransanci mouvance. Ɗandatti Abdulƙadir kuwa, a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Indiana (1975), a kan Shata kansa ya gwada wannan fahimta. Abin da kowane tsohon mai sauraron Shata ya sani shi ne gindin waƙa yana nan daram, amma ɗiyanta suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri gwargwadon taro.

Bakandamiya, waƙar da ya yi wa kansa kirari a ciki, ita ce misali mafi bayyana. Ya rera ta sau da yawa a tsawon shekaru, kuma ba a samun rerawa biyu da suka daidaita ɗa da ɗa. Idan aka tambaya wacce ce Bakandamiya ta ainihi, amsar ilimi ita ce dukkansu, tare da abin da ke tsakaninsu. A cikin bambancin ne ake ganin fasahar mawaƙin: abin da ya riƙe, abin da ya yar, da abin da wani sabon yanayi ya sa ya ƙirƙiro.

Muddin mawaƙi na da rai, shi ke hana kowace ɗauka ta zama ta ƙarshe, domin gobe zai sake rerawa. Da ya rasu wannan kariya ta tafi. Sai ɗauka guda ta rinjayi sauran, ba don ta fi su kyau ba, sai don sautinta ya fi fita, ko don ita aka fara sa wa a intanet. Ita yara za su haddace, ita masu kwaikwayo za su bi, ita ɗalibi zai rubuta. Bayan ƴan shekaru, idan wani ya kawo wata ɗaukar dabam, sai a ce masa tasa ba ta cika ba ko an yi mata ƙari. Ta haka waƙar da ta rayu ta hanyar sauyi take daskarewa fiye da rubutacciya, domin rubutacciya ko ba komai ana iya gwama kwafe-kwafenta a ga inda suka saɓa.

4.4 Abin da Na'ura ta Yi wa Sauti

Matsala ta farko ita ce tsayi. Ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti yana ɗaukar ƴan mintoci ne kawai a kowace fuska, babban faifai kuwa minti 20 da ƴan kai. Kaset ɗin C60 yana da minti 30 a kowace fuska, C90 yana da 45. Waƙar dandali ba ta san waɗannan iyakoki ba. Inda zare ya ƙare, nan waƙa ta ƙare ga wanda ya gaji kaset ɗin. Da aka mayar da ita cikin waya, babu abin da ke nuna cewa yankewa ce ta faru. Manazarcin da ya rubuta cewa Shata "ya rufe waƙar" da ɗa kaza, wataƙila bayanin tsawon zare yake yi.

Ta biyu ita ce gudu. An ƙera kaset ya yi tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Rikoda mai raunin batir ko tsohon bel ba ta kiyaye wannan. Saɓanin kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga ko ya sauke murya da rabin mataki, abin da Faransawa ke kira demi-ton, ya kuma sauya saurin kalangu. Idan aka kwafa daga kwafi sau da yawa, kuskuren yana iya taruwa. Ma'anar kalmomi ba ta ɓacewa, tun da karin sautin Hausa na dangantaka ne tsakanin gaɓa da gaɓa. Amma wanda ke son ya auna rauji, ko ya kimanta shekarun mawaƙi daga kaurin muryarsa, yana gini ne a kan ƙasa mai motsi.

Ta uku ita ce gogewa. Masu son gyara tsohon sauti da kwamfuta sukan ɗauki duk abin da ba muryar jagora da kiɗa ba a matsayin datti. Cikin wannan datti kuwa akwai guɗa, da kirarin sanƙira, da shelar kyautar da aka yi, da dariyar jama'a a kan habaici. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya bayyana cewa yabon mawaƙi musaya ce tsakaninsa da wanda ake yabo a gaban shaidu. Wanda ya share shaidun ya bar mu da rabin zance.

4.5 Zaɓi da Jeri

Mai shirya diwani yana jera waƙoƙi bisa wata hikima, ko ta lokaci ko ta turke. A katin memori na'ura ce ke jerawa bisa harafin farko na suna. Sai yabon basarake ya bi bayan zambo, waƙar yabon Annabi ta zauna kusa da waƙar mashaya, ba tare da an san wacce ta riga wacce ba ko shekara nawa ke tsakani. Shata ya yi duka biyun, kuma duk diwanin da ya ɓoye ɗaya don kare martabarsa ya yi masa ƙarya. Amma ajiye su gefe da gefe babu bayani shi ma bai faɗi gaskiya ba.

Zaɓi kuwa kasuwa ce ke yin sa. Waƙar da ake yawan nema ita ake yawan kwafa. Abin da ya bambanta Shata da makaɗan fada irin su Narambaɗa shi ne bai tsaya ga ubangida ɗaya ba: ya yi wa sarakuna da attajirai, ya kuma yi wa direbobi da ƴan kasuwa da mata da mutanen ƙananan garuruwa. Waƙoƙin wannan rukuni na biyu su ne suka fi fuskantar ɓacewa, domin da zarar waɗanda suka san mutumin sun ƙare, masu neman waƙarsa sun ƙare. A hankali tarin yana karkata ga manya, yana mayar da mawaƙin jama'a tamkar makaɗin fada.

Zambo yana da tasa matsala. Waƙa irin Gagarabadau tana aiki ne da sanin da masu saurare ke da shi game da rikicin da ya haife ta. Idan wannan sani ya gushe, jita-jita ce ke cike gurbinsa, kuma tana iya ɗora zagin a kan gidan da ba shi aka nufa ba. Jikokin mutanen nan suna raye.

Daga ƙarshe, tarin bai ambaci makaɗa da ƴan amshi ba ko da suna, alhali amshi rabin ginin waƙar Shata ne. Kuma a yadda cinikin yake, daga hannu zuwa hannu, babu wata ƙofa da haƙƙi zai bi ya isa ga magadan mawaƙin ko na mutanensa.

5.0 Illar Wannan ga Nazari

Ɗalibi yakan karɓi waƙoƙi 10 ko 15 daga waya, ya juya su a rubuce, ya ƙidaya ɗiya, ya fitar da turke da salo, sannan a wajen ambaton madogara ya rubuta "kaset" ko "intanet". Aikin yana iya yin kyau ta fuskar fiɗa. Amma wani manazarci ba zai iya komawa ga ainihin abin da ɗalibin ya saurara ba, don haka ba zai iya gaskata shi ko ƙaryata shi ba. Ɗalibai biyu na iya saɓawa a kan adadin ɗiyan waƙa guda, kowa da gaskiyarsa, domin ɗauka biyu suka ji. A fagen rubutaccen adabi ba mai yarda a yi sharhin waƙar Nana Asma'u ba tare da an faɗi kwafin da aka yi aiki da shi ba. Babu dalilin da zai sa a sassauta wannan sharaɗi ga waƙar baka.

Babbar asarar ita ce tambayoyin da ba a iya yi. Yaya Hausar Shata ta sauya daga shekarun 1960 zuwa na 1990? Yaushe kalmomin aro na zamani suka yawaita a bakinsa? Shin ɗiyan waƙarsa sun ƙara tsawo ne da girma ko sun gajarta? Duk waɗannan suna bukatar jerin ɗauka masu kwanan wata.

Abin takaici shi ne da yawa daga bayanan suna nan. Littafin Shata Ikon Allah! na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, ya tattara tarihin mawaƙin da labarin waƙoƙi masu yawa daga bakin waɗanda suka zauna da shi. Ke nan tarihi yana cikin littafi, sauti yana cikin waya, ba a haɗa su ba.

6.0 Diwanin da Ya Dace

Abin da ake bukata shi ne diwanin sauti da aka yi wa tahaƙiƙi, irin abin da ake kira édition critique a nazarin rubutaccen matani. Ana ba da shawarar ya cika waɗannan sharuɗɗa:

(a) Abin ƙidaya ya zama ɗauka, ba waƙa ba. Kowace ɗauka a ba ta lambarta, ko da an riga an samu wasu na waƙar.

(b) Kowace ɗauka ta zo da takardar salsala: daga hannun wa aka same ta, a kan wace na'ura, ta rediyo ce ko ta kamfani ko ta dandali, da lokaci da wuri. Inda aka yi kirdado, a rubuta cewa kirdado ne, a kuma faɗi hujjarsa.

(c) A adana kwafi na farko yadda yake, da hayaniyarsa da gabatarwar mai shela. Gyararren kwafi ya zama na biyu.

(d) A nuna inda zare ya yanke waƙa.

(e) Manyan waƙoƙi irin Bakandamiya a kawo su fiye da sau ɗaya, a jere bisa lokaci, tare da rubutun da ke nuna ɗiyan da suka saɓa.

(f) A ambaci makaɗa da ƴan amshi, a kuma yi yarjejeniya da magada kafin a fitar da komai.

Wannan aiki bai fi ƙarfin Yamai ba. Birnin yana da cibiyoyin da suka daɗe da sanin aikin ajiyar sauti: IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO wadda tushenta ya koma 1968 kuma don adabin baka aka kafa ta, da ma'ajiyar gidan rediyon Muryar Sahel, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya. Bin diddigin waƙa daga katin memori zuwa asalinta ma an taɓa gwada shi: tarin Music from Saharan Cellphones na 2011 daga wayoyin mutane aka ɗebo shi, sannan mai shirya shi, Christopher Kirkley, ya bi sawun mawaƙan don a ambace su a biya su. Bambancin shi ne waɗancan suna da rai. Game da Shata, shaidun da suka rage su ne tsofaffin ƴan amshi, da ma'aikatan rediyo da suka yi ritaya, da masu ajiyar kaset waɗanda suka rubuta rana da wuri a jikin kwali. Kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Ɗalibin da ya kammala takardun salsala na ɗauka 20 ya yi wa ilimi hidimar da ta fi ta sake fiɗar waƙar da aka riga aka feɗe sau da yawa, kuma ya kamata sassan jami'a su karɓi irin wannan a matsayin kundi cikakke.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa tarin waƙoƙin Shata da ya bazu bayan 1999 aikin shirya matani ne da ba a san mai shi ba. Ya kiyaye murya, ya kai ta inda hukuma ba ta kai ba. Amma ya yanke salsala, ya tsayar da ɗauka guda a madadin waƙa mai fuskoki da yawa, ya gaji kurakuran na'ura bai nuna su ba, ya kuma bar wa kasuwa zaɓin abin da zai saura. An kwatanta shi da Savane da Voyageur na Ali Farka Touré don a ga cewa abin da ke raba tari da tari shi ne ko akwai wanda ya ɗauki alhakin zaɓi ya sa sunansa.

Zancen bai tsaya ga Shata ba. Mawaƙan Nijar da suka riga mu gidan gaskiya, irin su Ɗangurmu na Tawa, da Malam Maman Barka wanda ya rasu a 2018, da Hamsou Garba wadda ta rasu a 2022, waƙoƙinsu sun kama hanyar da na Shata suka bi. Ga na baya-bayan nan, abokan aikinsu da waɗanda suka ɗauke su suna nan ana iya tambayarsu. Idan aka fara rubuta salsala yanzu, manazartan da za su zo ba za su tsaya suna kirdado cikin tazarar shekara 33 ba.